Zogalen Inna da Takin Karnuka

Shekarar da aka fara tara kashin karnuka a rukunin gidajen da nake gadi a Al Rayyan, gefen birnin Doha, ni na fi kowa ɓata rai. Na baro garinmu, na haye jirgi, na ƙetare teku, sai ga shi an miƙo mini ɗan makulli an ce na wurin ajiyar kashin kare ne, in riƙa buɗewa da sassafe ina rufewa da yamma. Da yatsa biyu na karɓe shi. Ko a zoben sauran makullaina ban sa shi ba, ƙusa na kafa masa shi kaɗai a bayan ƙofa.

Wadda ta ƙirƙiro abin wata ma'aikaciyar jinya ce, mutuniyar wajen Jos, Kirista, da ke zaune a rukunin da mijinta da 'ya'yanta. Sista muke ce mata. Hausa a bakinta har ta fi ni iya zolaya da ita. Tana da wani tsohon jan kare da ta tsinta a titi, mai ɗingishi, wanda ko haushi ya daina wahalar da kansa da yi. Mazauna rukunin daga ko'ina a duniya suke, da yawansu kuma da karnuka. Kowa ya fita da nasa sai ya ƙulle abin da ya yi a leda ya jefa a kwandon shara, zafin Doha kuma ya dafa shi, har mai kwasar shara yakan ɗaure hanci da rawani. Ga furannin jikin katanga kullum a galabaice, don ƙasar wurin rairayi ce mai gishiri. Sai Sista ta tara maƙwabta ta ce a haɗa matsalolin biyu su kashe juna.

Aka kewaye wani lungu a bayan tankin ruwa, aka jera manyan gangunan roba masu huda a jiki. Kowa ya kawo na karensa ya zuba, ya ɗebi garin katako ya rufe. Garin katakon wani direba ke kawo shi daga wurin kafintoci can wajen Asian Town. Mai lambunmu, wani shiru-shiru ɗan Bangaladash, shi ke ƙara busasshen ganye da ciyawar da aka aske, ya yayyafa ruwa, ya juya da shebur. Sista kan zo ta cusa wani dogon ƙarfe mai auna zafi a ciki, ta duba, ta gyaɗa kai kamar tana duba mara lafiya. Ni dai nawa buɗewa da rufewa, sai wanke hannu har gwiwa kafin in yi alwala, ko da kuwa kwaɗon ƙofa kawai na taɓa.

Aikin gadi aikin kallo ne. Ka zauna a ɗakin gilashi, ka ɗaga sanda mota ta shige, ka sauke, sauran yinin kuma naka ne da idanunka. Idan rana ta take, kwalta takan fara rawa, gidajen su yi kamar suna iyo a kan ruwa, ni kuma hankalina ya bar jikina a cikin yunifom ya tafi gida. Ba barci nake ba, kada a yi mini ƙage. Ido biyu nake tafiya, in shiga zaurenmu, in wuce madafa, in tsaya a gindin zogalen Inna, har sai wata mota ta yi hon ta dawo da ni.

Zogalen nan ba zogalen kasuwa ba ne. Inna, mahaifiyata, daga gidan Iya, uwarta, ta zo da irinsa a ƙulle a bakin zane, Iya kuma ta ce ita ma a wurin tata uwar ta samo. Ganyensa ba shi da ɗacin nan da ke sa mutum yamutsa fuska, ko ba a zubar da ruwan dahuwa ba sai a kwaɗa a ci. Inna ba ta barinsa ya yi tsawo. Da ya leƙa kan katanga za ta sa a datse shi, don ganye ya yi yawa, hannu kuma ya kai. Reshe ɗaya tak take ƙyalewa ta baya ya yi fure ya yi 'ya'ya saboda iri. Ranar da zan taso Doha, bayan kuka da daddawa da yaji, ta cusa mini ƙullin irin a jaka, ta ce in ciki ya ɓaci in tauna ɗaya in kora da ruwa. Cikina bai ɓaci ba, ƙullin ya yi ta kwana a ƙasan jaka.

Sai aka yi wata damina mai ruwa kamar da bakin ƙwarya. Katangar bayan gidanmu ta faɗi a kan zogalen, ruwa ya kwanta a tsakar gida har saiwarsa ta ruɓe. Irin da Inna ta ajiye a ɗaki ya jiƙe ya yi fumfuna. Waɗanda ta taɓa ba iri a unguwa, na wasu awaki sun cinye tun da daɗewa, na wasu ruwan nan ne ya tafi da shi. Ƙanena ya ce zai samo mata wani dashe, ta ce ya bar shi, ba ganye ta rasa ba.

Da ta kira ni, sai da muka gama gaisuwa tas, ta tambayi aiki, ta tambayi zafi, sannan ta sassauta murya.

"Ƙullin nan da na ba ka, ka cinye?"

"Yana nan, Inna."

"To ka riƙe shi da kyau," in ji ta. "Abin da ya rage mini na Iya ke nan."

Na raba irin biyu, na ba wani ɗan garinmu da zai tafi gida rabi. Ya isa lafiya, Inna ta shuka, ya fito. Amma gida ba katanga, awakin maƙwabta suka shigo suka share shi tun yana ganye biyu. Hutuna kuma da sauran tafiya mai nisa, sai kwantiragi ya zagayo. Inna ta ce irin zogale ba ya son dogon jira, in na tsaya sai na dawo zai mutu a ƙulle. "Ka shuka shi can," ta ce, "tunda ka ce ko akuya ɗaya ba ka gani a titi. Ya ba ka sabon iri ka kawo mini." Baiwar Allah ba ta san awakin Doha ƙafa biyu gare su ba.

Masaukinmu wani tsohon gida ne da aka yayyanka da katako, cike da 'yan Arewa, masu gadi da direbobi. Babbanmu wani dattijon direba ne da kowa ke ce wa Kawu, shi ke jan mu salla, shi ke raba faɗa, shi ne kuma ke fara tayar da rabinsa. Na farko da na shuka a rairayin bayan gida ya fito rawaya, ya kwanta, bai sake tashi ba. Na biyu na samo ƙasar buhu irin ta masu sayar da furanni, na zuba a gwangwanayen madara, na jera a matakala inda ruwan na'urar sanyaya ɗaki ke ɗiga. Suka fito kuwa, kore shar, ganyen ƙanana lumus. Manyan mutane masu gemu suka riƙa tsugunawa a gabansu in sun dawo daga aiki. Wasunmu sun yi shekaru ba su ga ɗanyen zogale ba. Na ji wani yana ba wani labarin kwaɗon da matarsa ke yi da ƙuli-ƙuli da albasa.

Duk wanda ya tashi a gidan da ake da zogale ya san abu ɗaya: in kana so ya yi rassa, ka tsinke masa kai. Kawu ya sani, ya zo wucewa ya tsinke. Na ɗakin kusa da mu ya sani, ya tsinke abin da ya tarar a sama. Mai dawowa daga filin jirgi ya sani, mai fita da asuba ya sani. Ganyen da aka tsinka kuwa ai ba a yar da shi, sai a baki ko a tukunyar taliya. Ranar da na dawo na tarar da tsinkaye tsirara a tsaye cikin gwangwani, sai da na zauna a matakalar ina kallonsu. Sannan na tashi na yi ihun da ban taɓa yi a gidan ba.

Kawu ya fito da carbi a hannu. "Haba ɗana, mene ne na tada jijiyar wuya? Kan nan kawai na cire masa don ya yi rassa. Taimakonka na yi."

"Ni ma wallahi kai kawai na cire," in ji wani daga bayansa.

"Kai nawa gare shi?" na ce. "Kawu, kai nawa zogale ɗan yatsa guda yake da shi?"

Suka riƙa kallon juna, kowa sai a lokacin ya gane ba shi kaɗai ya yi taimakon ba. Kawu ya ce, "Halas, shi ke nan, an yi kuskure, Allah ya ba ka haƙuri." Haƙuri dai na ba kaina, amma tsinkayen ba su sake toho ba. Na zazzage ƙullin Inna a tafin hannu, duk abin da ya saura ya motse ya zama fanko, sai ƙwaya ɗaya mai nauyi. Na naɗe ta a takarda na sa a aljihun yunifom, na daina yi wa kowa magana sai gaisuwa.

A cikin wannan ƙuncin sanyi ya shigo. Sanyin Doha yakan zo da wani hazo daga teku, fari, mai laima, ya sauka da asuba ya haɗiye dogayen benaye, jirage su riƙa wucewa a sama kana jin su ba ka ganinsu. Wata safiya irin wannan na je buɗe lungun gangunan, na riƙe numfashi kamar kullum. Mai lambu ya riga ya iso yana jirana, ya ɗaga murfin gangar da ta fi daɗewa, tururi ya taso a hankali ya gauraya da hazon. Numfashina ya ƙare, dole na shaƙa. Abin da ya shiga hancina ƙamshin ƙasa ne, irin na ranar da aka yi ruwan fari.

Nan take lungun ya ɓace mini. Na gan ni a gonar Baba da bazara, jakuna suna shigowa a jere da mangaloli cike da taki, shara da toka da kashin awaki da aka kwaso daga birni, ana juyewa tsibi-tsibi. Baba yakan tura hannu cikin tsibin har wuyan hannu, ya damƙo, ya murza, ya sunsuna, fuskarsa ta saki. Bai taɓa tambayar mai jaki daga bayan gidan wa aka kwaso ba. Na daɗe a tsaye a wurin, ina jin kukan jakunan da ƙarar jirgin sama a kunne ɗaya, har mai lambu ya taɓa kafaɗata ya ce, "Yalla, sadik," yana so in matsa ya wuce da baro. Na koma ɗakin gilashi ina jin haushin hancina, don ya ci amanata.

Takin da ya nuna sai a kwashe shi a jibge a inuwa, ya ƙara watanni yana hucewa, sannan a kai gindin furanni. Cikin ɗan lokaci jikin katanga ya canza, furannin da na saba gani kamar masu jinya suka miƙe suka yi ja. Amma Sista ta kafa doka, kuma ba ta wasa da ita: wannan taki na fure ne da itacen ado, ba a sa shi ga abin da zai shiga baki, don akwai ƙwan tsutsar da zafi ba lalle ya kashe ba. Kowane fegi aka kafa masa allo da Turanci da Larabci, da hoton kare, da hoton cokali an ja masa jan layi.

Ita ce ta lura da ni. Wata yamma ta tsaya da motarta a ƙofa, tsohon karen yana kujerar baya ya leƙo da kai.

"Malam, wa ya mutu? Kwana biyu fuskarka kamar an aiko ka karɓar gawa."

Ban yi niyyar faɗa ba, amma na faɗa mata duka, tun daga Iya har zuwa Kawu. Ta yi dariya har ta kifa kai a sitiyari, sai da ta ga na ciro takardar na nuna mata ƙwayar sannan dariyar ta tsaya. Ta dube ta, ta dube ni.

"Ka shuka ta a nan," ta ce. "Ga taki, ga ruwa, ga ka a zaune kana gadi. Kuma in aka kafa allon nan a gindinsa, ina so in ga Bahaushen da zai kai hannu."

"Sista, zogalen kakata a cikin kashin kare?"

"Ai ba kashi ba ne yanzu, ƙasa ce. Amma ganyen ba mai ci, ka ji ni ko? Ko kai. Ka tambayi Mamarka, in ta ce a'a, halas, a bar maganar."

Na kwana biyu ina jujjuya maganar kafin na iya kiran Inna. Na yi ta kewaye-kewaye, ina cewa wani irin taki ne na Turawa, har ta gaji ta ce in faɗi abin da ke bakina. Na faɗa. Na jira salati, sai na ji tana tambaya kamar mai cinikin gero.

"Ya ruɓe sarai?"

"Sun ce ya ruɓe."

"Sun ce. Kai ba ka da ido? Ya yi baƙi?"

"Ya yi baƙi, Inna."

"In ka damƙa, sanyi yake ko ɗumi? Yana dunƙulewa ko yana wargajewa?"

Na ce ban taɓa damƙa ba. Ta ja tsaki irin wanda take ja mini tun ina ƙarami. "Ɗan manomi ke nan. Je ka damƙa ka kira ni."

Washegari na tsaya a gaban tsibin da ke inuwa, na naɗe hannun riga. Na yi bisimilla, na kuma ji kunyar yin ta a wurin, na sake yi. Na tura hannu har wuyan hannu yadda Baba ke yi. Sanyi ne da shi, da laushi, ya dunƙule a tafina, na taɓa shi da yatsa ya wargaje. Sista da ta zo da ƙarfenta ta gan ni ta hau faɗa, wai ga safar hannu a rataye, ta tsaya a kaina sai da na wanke da sabulu har ta gamsu. Na kira Inna hannuna yana ɗigar ruwa, na gaya mata. Ta ce, "To ya nuna. Ni ba ganye nake nema a wurinka ba, iri nake so. Shuka."

Mun haƙa ramin ni da mai lambu a kusurwar da ke fuskantar ɗakin gilashi, muka gauraya takin da rairayi, ya jawo siririn tiyo mai ɗigar da ruwa ya ajiye a gefe. Na sa ƙwayar, na rufe a hankali, don in wannan ta ƙi, shi ke nan. Sista ta kawo allo, ta miƙo mini alƙalamin fenti ta ce in ƙara layi na uku. Na rubuta da manyan baƙaƙe: TAKIN KASHIN KARE NE, BA A CI. Ina jin a duk faɗin Al Rayyan babu wani allo da Hausa sai shi.

Kwanakin jira ban san yadda na yi aiki ba. Motoci suna shiga suna fita, ni idona yana kan ɗan da'irar ƙasa mai laima. Ranar da ƙasar ta tsage, wani koren abu ya leƙo a lanƙwashe, na fito daga ɗakin na tsuguna, na manta da wani Balarabe a ƙofa yana ta danna hon. Da zafi ya dawo na kafa masa rumfa da ragar inuwa. Tsohon karen Sista ya gano wurin yana da sanyi, ya mai da shi wurin kwanciyarsa da la'asar. Da farko ina korarsa, daga baya na ga ba ni da bakin korarsa, tunda da rabonsa a cikin abin da itacen ke ci.

Labari ya kai masauki. Kawu ne ya fara zuwa, wai ya kawo saƙon kafil ɗinsa, wato ubangidansa, wani gida a ciki, alhali na san ba shi da kowa a rukunin. Lokacin zogalen ya kai ƙirjina, ganye ya yi luf-luf yana sheƙi. Ya ajiye mota, ya tako a hankali, na ga hannunsa na dama ya fara tashi da kansa. Sai idonsa ya sauka a kan allon. Ya karanta, leɓensa yana motsi. Ya mai da hannun baya, ya kama shi da na hagu ya riƙe gam.

"A'uzu billahi," ya ce. "Kai ɗana, wannan ai mugunta ce. Ka dubi ganye kamar a yi kuka."

"A tsinke masa kai ne, Kawu, ya yi rassa?"

Ya harare ni, sannan dariya ta ƙwace masa. Bai tafi ba sai da ya kewaya itacen, hannuwa a baya, yana haɗiyar yawu. Bayansa wasu suka riƙa zuwa, 'yan masaukinmu, da direbobi Hausawan Zango 'yan Gana masu kawo kaya, kowa ya tsaya nesa kaɗan ya goya hannu. Wani ya ce shi ko inuwarsa ba zai shiga da kayan salla ba, wani ya ce ai ƙasa ta riga ta canza shi, suka yi ta musu a bakin ƙofa har na ce su matsa mota na zuwa. Duk musunsu dai ganye ɗaya bai bar jikin itacen ba. Abin da ni mai yunifom da sanda na kasa tsarewa a gidan da nake kwana, karnuka sun tsare shi ba tare da sun yi haushi ba.

Da yake ba mai datsa, ba mai tsinka, zogalen ya yi abin da ban taɓa ganin zogale ya yi ba. Ya wuce kaina, ya wuce katanga, ya kai fitilar titi, siriri yana rangaji. Da sanyi ya zagayo sai ya fashe da fure tun daga ƙasa har sama, fari mai ɗan ruwan madara, kowane reshe ya sunkuya. Ƙudan zuma suka zo, ni da ban san akwai su a garin ba. Da asuba, in hazo ya sauka, ƙamshin yakan shigo har ɗakin gilashi, itacen kuma ya zama kamar yana tsaye a kan iska, ba a ganin gindinsa. A irin wannan lokacin na daina sanin ko ni ne na tafi gida ko gida ne ya zo ya same ni.

Na sa ƙanena ya kira ni ta bidiyo ya riƙe wa Inna wayar. Idonta ya fara rauni, ta matso da fuska har hancinta kawai nake gani.

"Mene ne wannan farin? Gajimare ne?"

"Fure ne, Inna."

"Duka?"

"Duka."

Na ɗaga wayar a hankali daga gindi har ƙoli. Shekarunta duka tana tare da itacen nan, tana ci, tana ciyar da mu, tana ba unguwa, amma reshe ɗaya kawai ta taɓa gani da fure. Na ji tana jan hanci, ƙanena yana cewa, "Inna, mene ne kuma?" Ni ma na juya wa ƙofa baya, don kada masu wucewa su ga mai gadi yana hawaye. Daɗi ne ya yi mini yawa, da kewa, ban san wanda ya fi ba.

Furen ya zube, 'ya'ya suka fito dogo-dogo, suka yi kore, suka bushe. Idan iskar arewa ta taso sai su riƙa kaɗawa suna ƙara kamar caki. Mai lambu ya hau tsani ya sauko mini da su, Sista ta kawo jakar zane ta ce kada in sa a leda su yi gumi. Kawu da kansa ya kai ni filin jirgin Hamad ranar da hutuna ya zo, ya ɗauki jakata ta kaya, amma jakar zanen ya ce in riƙe abata.

Na tarar an tayar da katangar baya, sabuwar ƙasa ja, inda zogalen yake a da an share shi fes. Bayan an gama gaishe-gaishe mutane sun watse, Inna ta sa aka shimfiɗa mata tabarma a wurin, ta ce in kawo. Ta shafa kwanson tun daga kai har ƙasa, ta fasa shi da babban yatsa, irin ya zubo mata a cinya, baƙi-baƙi da fikafikansa farare. Ta ɗauki ɗaya ta ɓare, kafin in ankara ta jefa a baki.

"Inna! Sista ta ce ba a ci!"

Ta ɗaga mini hannu. Ta tauna a hankali ta gefen da take da haƙora, ido a rufe. Ta ce a ba ta ruwa. Na kawo a moɗa, ta kurɓa, ta riƙe shi a baki tana jiran zaƙin nan da ke biyo baya, ta haɗiye. Ta daɗe ba ta buɗe ido ba.

"Shi ne," ta ce. "Na Iya ne."

Na ɗauko fartanya, ta ce in ajiye. Da yatsanta ta riƙa huda ƙasa a jikin katanga, tana sa iri tana rufewa, tana ja da gindi a kan tabarma. Ta ce in sun yi ganye za ta shanya ta aika wa Sista, da Kawu da sauran awakin ɗakinmu, karnukan ne dai ba ta san abin da ake aika musu ba. Da ta kai kusurwa ta zaɓi ƙwaya mafi girma, ta sa, ta danne da tafin hannu, ta kira ƙanena.

"Waɗannan ku datse su yadda aka saba," ta ce. "Wannan na kusurwa kada wanda ya taɓa masa kai. Ina so in ga farin nan da idona tun ina gani."